Faifan Sallar Ya Kura

Kakata Ya Kura ba ta taɓa yarda abincin Salla ya zauna ƙarƙashin tsohon faifai ba. A gidanmu na Kanya Babba, da an ga watan azumi za ta aika a yanko mata kaba, ta tsaga ta siri-siri, ta kasa uku. Kashi ɗaya ta dafa da karan dafi ya yi ja, ɗaya ta binne a taɓon bakin rijiya har ya yi baƙi, na ukun ta bar shi da farinsa. Wasu tsofaffin da barci suke rage tsawon azumi, ita kuwa da saƙa.

Babarbariya ce. Daga gabas iyayenta suka zo da ita tana goye, kuma har ta tsufa in ranta ya ɓaci da Barbarci take faɗa, mu jikoki muna dariya don ba ma ji. Ita da kakanmu ba su taɓa mallakar kujera ba, amma ranar Salla kowa a ɗakinta yake son cin abinci. Ana gab da Salla za ta sa a fitar da komai tsakar gida, ta jiƙa farar ƙasa ta shafe bango da tsumma, tun bai bushe ba ta ja yatsunta a kai ta yi masa zane mai lanƙwasa. Daɓen ɗakin ta yayyafa masa ruwan makuba, akusa ta goge su da man gyaɗa har su yi sheƙi. Fayafan shekarun baya ta jera su a bango. Sabon kuwa, mai tauraro a tsakiya, shi za a kifa wa babban akushin burabusko a tsakiyar tabarma, turaren wuta yana tashi daga lungu.

Yanzu a Kazaure nake aure, inda maƙwabtana ke ado da furannin roba da ba sa ƙamshi ba sa bushewa, abincin kowa kuma cikin kula iri ɗaya, sai an buɗe ake gane na gidan wane ne. Ni dai abin bai taɓa burge ni ba. Duk Salla sai na yi kewar ɗakin nan.

Bayan rasuwar kakanmu farar yana ta fara rufe mata ido. Da farko allura ce ta gagare ta, daga baya sai ta muryarmu take gane mu. Ba makantar ta fi tsoro ba. Abin da take gudu shi ne a ajiye ta gefe, a riƙa yi mata sannu-sannu kamar majinyaciya, a daina kallon aikinta a matsayin aiki. Mahaifina, Muhammad Nur, ya sayo mata kula mai zanen zinare wai don ta huta. Ta shafa ta sama da ƙasa, ta ce ta yi kyau da ajiyar ruwan alwala. Na ce ta bari in riƙa ware mata kabar, in miƙa mata ja in ta nemi ja. Ta ce hannun da ya saƙa faifan bikin uwata ba ya neman ɗan jagora, in tashi in ba ta wuri.

Haka ta zauna a inuwar ɗakinta duk azumin tana saƙa. Faifan ya fito da'ira cif, saƙar a matse yadda ta saba, ko tsinke ba zai ratsa ba. Launukan ne suka watse. Ja ya shiga gurbin baƙi, fari ya tsaya inda ba a neme shi ba, tauraron tsakiya kuwa babu shi babu alamarsa. Mahaifina ya bi mu ɗaya bayan ɗaya ya ce kada wanda ya kuskura ya faɗa mata.

Ranar Salla da aka sauko daga idi, muka cika ɗakin. Kowa ya shigo sai ya yaba faifan, wasu har da wuce gona da iri. Ya Kura tana amsawa sama-sama, kunnenta na bakin ƙofa. Shatu take jira.

Shatu Bafulatana ce daga rugar bayan gari, tun suna 'yan mata take kawo wa gidanmu nono. Tsakanin Fulani da Barebari kuwa akwai wasa, kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa, kuma su biyun ba su taɓa yi wa juna sauƙi ba. Duk shekara Shatu za ta ɗaga sabon faifan ta juya shi, ta ce ko kaza ba za ta yarda ta yi ƙwai a kansa ba, sannan bayan Salla ta dawo tana roƙon a ba ta ta rufe ƙwaryar nononta. Ya Kura ta sha gaya mini cewa da tsananin zagin Shatu take auna kyan aikinta.

Shatu ta yi sallama, ta durƙusa ta ɗaga faifan. Ta daɗe tana kallonsa. Ta dube mu, ta dubi idon ƙawarta, ta mayar da shi a hankali.

"Masha Allah, Ya Kura, ya yi kyau. Allah ya ƙara lafiya."

Na ga hannun kakata ya tsaya cak a kan carbinta.

"Shatu, yaushe kika koyi ladabi?"

Ya Kura ta ce a miƙo mata faifan, ta bi shi da yatsu daga baki har tsakiya, sannan ta tambayi Shatu abin da ya ɓace, ta haɗa ta da Allah. Shatu ta share ido da bakin mayafi ta ce tauraron ne, kuma launukan duk sun cakuɗe.

"Saƙar fa?"

Shatu ta ja hanci, ta gyara murya. "Saƙar tana nan yadda take. Tauri kamar kan Barebari."

Ya Kura ta yi 'yar dariya, ta kifa faifan a kan akushin da kanta, ta ce a ci abinci kafin ya huce. Ni dai ban iya cin kirki ba ranar, tausayinta ya cika ni.

Da azumi ya sake zagayowa ta aika a yanko kaba, amma ba ta ɗora tukunyar rini ba, ba ta kuma je bakin rijiya ba. Fari fat ta saƙa, kuma haka ta ci gaba har Allah ya karɓi abarsa. A Sallar farko ta farin faifan, Shatu ta ɗaga shi ta juya, ta taɓe baki, ta ce rowar Barebari ta kai har launi ma yanzu sai an roƙe su, gara ta rufe nononta da ganyen tumfafiya.

Kakata ta juyo inda ta ji motsina, fuskarta a washe.

"Bahijja, ƙara wa baiwar nan tawa nama."