Ranar da Na Ƙwace Rawanin Sarkin 'Yan Fashin Teku

Ko da zan manta sunayen titunan Alƙahira kaf, ba zan manta ranar da aka jefa ni cikin ruwa a unguwar Ma'adi ba, da rawani a kaina, jama'a suna tafi. Jiƙewar ba ta dame ni ba. Hanyar da rawanin ya bi ya hau kaina ita ce nake jin nauyinta har yau.

Lokacin ina shekara ta uku a karatu, ɗakinmu ɗaya a unguwar Hayyin Ashir da wani abokina ɗan garinmu. Dogo ne, mai fara'a, mahaddacin Alƙur'ani, irin mutumin da ko mai sayar da burodi sai ya tsayar da shi hira. Ni kuwa gajere ne, kuma dariya ba ta saurin zuwa mini. Duk Asabar nakan je Ma'adi in koya wa wani dattijon Bature Larabci. Asalinsa daga wani ƙaramin gari ne a bakin Bahar Rum. Ya ce ɗaruruwan shekaru da suka wuce 'yan fashin teku sun taɓa sauka garinsu, mutanen gari suka kore su, tun daga nan kowace shekara suke maimaita yaƙin cikin wasa. Su 'yan garin da ke aiki a Alƙahira sukan yi nasu ƙarami a wani lambu a bakin kogin Nilu, wasu da shigar mutanen gari, wasu da ta 'yan fashi, da rawuna da takubban katako.

Wata Asabar abokina ya raka ni. Dattijon na ganinsa ya miƙe, ya zagaya shi yana dubawa sama da ƙasa, ya ce ya samu sarkin 'yan fashi na bana. Har ya ɗauko jar alkyabba ya yafa masa. Ta kuwa yi masa kyau, kamar don shi aka ɗinka. Shekara biyu ina shiga gidan nan, ina fama da harshen mutumin nan mai kauri, ko kallon bikin bai taɓa cewa in zo ba. Shi kuwa daga shan shayi ɗaya ya zama sarki. A cikin jirgin ƙasa na metro, a hanyarmu ta komawa gida, yana ta ba ni labari yana dariya, ni ina ta cewa tamam, wato ya yi kyau, zuciyata tana tafasa.

Hassada ce, ba wani suna gare ta ba, amma a lokacin ba zan yarda ba ko an sa mini wuƙa. Kwana uku ina neman hanyar da zan ɓullo masa. Ranar Laraba bayan la'asar na zaunar da shi, na gyara murya. Na ce masa ya sani fa waɗannan 'yan fashin da shigar Musulmi ake nuna su, kuma su ake ci da yaƙi.

"Malam, kai mahaddaci ne," na ce. "In hotonka ya zagaya cikin ɗalibai, wa zai sake binka salla?"

Fara'arsa ta tafi. Can ya ce wallahi bai yi wannan tunanin ba, ya gode, Allah ya bar zumunci. Ya roƙe ni in ba dattijon haƙuri. Ni kuma da na je sai na ce masa abokina ba shi da lafiya, amma in babu damuwa ni zan tsaya a madadinsa. Ya dube ni daga ƙasa zuwa sama, dubawar ba ta ɗauke shi lokaci ba, ya ce to. Ya ɗauka abokina ya riga ya bayyana mini yadda wasan yake ƙarewa, ni kuma alkyabbar kawai na tambaya.

Ranar bikin da hantsi na ce wa abokina zan je ɗakin karatu. Aka sa mu cikin kwalekwale, muka sauka bakin lambun ana buga ganguna, hayaƙi ya turnuƙe. Alkyabbar tana jan ƙasa, amma ina jin kaina. Muka kori mutanen gari har gindin bishiyoyi, aka ɗora ni kan kujera, aka ɗaga ni sama. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan ɗan lokacin ba.

Ashe a al'adarsu mata biyu ne suke gamawa da sarkin 'yan fashi, don a tarihinsu wai mata ne suka kare gidansu da sandar tokare ƙofa. Sai ga su sun fito, ɗaya ta isa ta haife ni. Sandunan an naɗe su da tsumma, amma matan ba da wasa suke ɗagawa ba. Suka sauke ni daga kujera, aka ɗaure mini hannu da igiya, maza huɗu suka ɗauke ni cak suka wurga cikin tafkin lambun.

Da na ɗago kai ina tari, mutum na farko da na gani a bakin tafkin abokina ne. Daga baya na ji dattijon ne ya kira shi da safe ya yi masa sannu da jiki, ya ce kada ya damu, na karɓi matsayinsa. Abokin nawa ya miƙo hannu ya jawo ni, ya kwance igiyar, ya warware jiƙaƙƙen rawanin daga kaina ya matse shi.

"Ma'alish, ba komai, Malam," ya ce a hankali. "Ashe fatawar ni kaɗai ta hau."

Bai faɗa wa kowa ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Bayan wata guda ya ce unguwar Abbasiya ta fi masa kusa da makaranta, ya tattara littattafansa ya koma can. Na ba shi haƙuri, ya ce ya yafe, na kuma san gaskiya ya faɗa. Har yau muna gaisawa, muna zuwa sunan 'ya'yan juna, amma bai sake neman shawarata a kan komai ba.

Tun daga ranar, duk lokacin da na ji nasiha ta taso mini game da alherin da wani ya samu, nakan tsaya in tambayi kaina: in ni aka ba abin, zan ƙi karɓa? Idan amsar a'a ce, sai in ja bakina in yi shiru, in ce masa Allah ya sanya alheri.