Kekuna Biyu a Zauren Malam Ya'u

A ƙauyukan da ke tsakanin Mainika da Masanawa, in ka ce Malam Ya'u sai an tambaye ka wanne, amma in ka ce Ya'u mai allurar dabbobi, kowa zai nuna maka hanyar gidansa. Asalin gidansu makiyaya ne. Kakansa ne ya gaji da yawo, ya kafa bukka a gefen Mainika ya kama noma, shanun suka yi ta raguwa har suka koma na huɗa kawai a bayan gida. Shi Ya'u bai gaji garke ba, amma ya gaji sanin dabba. Tun yana saurayi yake bin malaman dabbobi masu zuwa rigakafi daga Gwarzo, yana kama musu shanu, har hannunsa ya faɗa. Daga nan ya sayi akwatin magani, ya ɗaure a bayan keke, ya shiga bin rugage.

Da keke ya ci abinci, keke kuma ya ci ƙarfinsa. Ƙasar wajen yashi ce. Da rani ƙoramun da ke ratsa hanya sukan bushe su bar rairayi mai zurfi, siririyar taya ta nutse, dole ya sauka ya yi ta turi, rana na dukansa, ƙanƙarar da ya sa wa magani tana narkewa. Da ya haura hamsin gwiwa ta fara yi masa ƙorafi. An sha ba shi shawara ya koma babur. Ya taɓa gwadawa, ya sha ƙasa a gaban jama'a ranar kasuwa, bai sake ba. Yakan ce ai ko shanu ba sa son ƙarar inji.

Su biyu ne suka rage a ɗakin mahaifiyarsu, shi da ƙaninsa Uwaisu. Uwaisu dogo ne, mai dariya da ƙarfi, direban tirela da ke kai hatsi kudu ya dawo da kaya. Matarsa Bushira 'yar Masanawa ce, tana zaune a sashen da ke jikin na Ya'u da 'ya'yansu mata biyu, Halima Sa'adiya da Zinnira. Ya'u da matarsa Furera sun aurar da nasu tuni, saboda haka duk hayaniyar gidan ta waɗannan yaran ce.

Ana gab da babbar Sallah Uwaisu ya iso a motar a-kori-kura da manyan kwalaye biyu. Tun daga ƙofar gida yake kwaɗa kira.

"Yaya, fito ka ga abin da na kawo mana!"

Ya'u ya yage bakin kwali ɗaya, ya zaro wata taya mai kaurin cinyar ƙato, jikinta duk gurzo. Ya juya ta, ya sake juyawa.

"Wannan ta babur ce ko ta amalanke?"

"Ta keke ce. Gwanjo na samu a Legas. Mai sayarwar ya rantse mini a ƙasar da aka yi su kan yashin bakin teku ake hawansu. Na ce to, yashi kam muna da shi, tekun ne babu."

"Har biyu?"

"Ɗaya naka, ɗaya nawa. Hanya ta ishe ni, Yaya. Bana zan ajiye mota in dawo in kama gonar Baba. In za ka ruga in bi ka, in riƙa kama maka shanu."

Ya'u ya daɗe yana fatan jin wannan maganar, amma shi ba mutum ne mai nuna farin ciki da baki ba. Sai kawai ya shiga ciki ya ɗauko tabarma da buhun sifanu.

A zaure suka baje kayan. Kekunan a warwatse suka zo: gangar jiki daban, tayoyi daban, feda da notuna a leda. Suka fara da na Ya'u, shuɗi. Sifanunsa duk ba su yi ba, sai da aka aro alanki, ɗan lanƙwasasshen ƙarfen kwance noti, wajen mai gyaran janareta. Uwaisu ya jingina waya a bango, wani Bature yana ta bayani a ciki, ba wanda ke jin abin da yake cewa, hannunsa kawai suke kallo. Sun gama ɗaura gaban keken suna ta murna, Bushira da ta kawo musu fura ta tsaya ta dube shi, ta ce, "Yaya, ni dai kamar kan nan yana kallon baya." Haka kuwa aka yi, ƙafar gaban a juye suka sa ta. Uwaisu ya yi dariya har ya kwanta a tabarma.

Birkin mai faifai ne, ba irin na roba da Ya'u ya saba da shi ba, kuma yana ta gogar faifan yana kuka kamar ɗan tsako. Sai da suka sassauta, suka matse, suka sake sassautawa kafin ya yi shiru. Giya ma haka, in ka danna sai sarƙa ta tsallake ta faɗi. Bayan Sallah da kwana kaɗan suka tura shi wurin mai faci a bakin titi. Shi kuma ya ɗirka masa iska kamar tayar babur. Ya'u ya hau, keken ya riƙa tsalle da shi kamar ƙwallo, da ya shiga yashi kuma ya tsaya cak. Ransa ya ɓaci.

"Uwaisu, an cuce ka."

Uwaisu ya tsuguna, ya danna bawul, iska ta yi ta fita har tayar ta yi laushi, tana lotsawa in an matsa da yatsa.

"Mu ma in tirela ta kafe a yashi haka muke yi. Sake hawa."

Ya hau. Tayar ta baje a kan rairayin, keken ya wuce sumul. Ya ratsa ƙoramar da ya shekara da shekaru yana turi a cikinta, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Da ya kai ɗaya gaɓar ya juyo, ya hango Uwaisu yana daga tsallake yana ɗaga hula sama yana ihu kamar yaro. Ya'u ya sake ratsowa, ya sake komawa, dattijo da gemu fari-fari, yana dariya shi kaɗai.

Na Uwaisu, ja, shi ne bai haɗu ba. Da suka zazzage kwalinsa sai suka tarar babu ƙarfen da ke ratsa tsakiyar tayar gaba ya riƙe ta, tub ɗaya kuma ya tsage. Ya'u ya ce a kai wa mai walda a Gwarzo ya ƙera wani. Uwaisu ya ƙi.

"Ba zan sa masa ƙirar gida ba. Saura mini tafiya ɗaya, zan koma wurin mutumin in karɓo na asali. Kai dai ka fara koya masa hanya kafin in dawo."

Kafin ya tafi ya sa sirdin jan keken, ya ɗaga shi sama daidai tsawon ƙafarsa, ya matse. Suka jingina shi a kusurwar zaure ba tayar gaba, aka rufa masa tsohon buhu.

Makonnin da suka biyo baya Ya'u ya yi ta koyon halin sabon keken. Ya gano yana da nauyi a kan kwalta amma a yashi babu kamarsa. Ya gano ƙaya ba ta jin tsoron kaurin taya, kuma facinta aiki ne na rabin yini. Maƙeri ya yi masa kariya mai faɗi a bayan keken don ɗora akwatin magani. A rugage mata sukan fito su kalla, maza su matsa tayar su ce, "Malam, babur ɗin naka ina injinsa?" Duk abin da ya gano sai ya kira Uwaisu ya gaya masa. Shi da ba ya son waya, sai ga shi yana neman inda sabis yake. Uwaisu ya ce ya samo ƙarfen, har da tub biyu, suna cikin jakarsa a bayan kujera.

Da hantsi kiran ya zo. Ya'u na wata ruga kusa da Sabon Birni, ya riƙe wuyan maraƙi, waya ta yi ta ƙara a aljihu. Lambar Uwaisu ce, muryar ba tasa ba. Wani direba ne. Ya ce birki ya tsinke a gangare, motar ta bar hanya. Ya ce Uwaisu bai wahala ba. Ya ce wurin da nisa, gawar kuma ba za ta jira ba, Hausawan garin za su yi masa sutura kafin azahar.

Ya'u ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya ƙarasa yi wa maraƙin allura, domin ruwan maganin na cikin sirinji. Ya wanke hannu. Sannan ya zauna a ƙasa cikin kashin shanu, mai rugar yana riƙe da kafaɗarsa.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne bai ga fuskarsa ba, bai sa hannu a makararsa ba, bai san ma inda kabarin yake ba sai kwatance. Daga baya aka aiko da wayarsa da agogonsa. Jakar ba a gan ta ba. Ya'u ne ya shiga ya gaya wa Bushira, kuma har yau bai yarda ya faɗa wa kowa yadda suka yi ba.

Ya yi zaman makoki a zauren nan, jan keken na kusurwa a rufe. Masu gaisuwa suka watse, damina ta sauka, ya nome gonarsa ya nome ta Baba. Ya ci gaba da fita aiki, amma Furera ta lura ya daina shiga ta zaure, ta ƙofar baya yake zagayawa da kekensa. Ba ta tambaye shi ba.

Da Bushira ta fita takaba, aka kira liman don rabon gado. Abin da Uwaisu ya bari ba yawa, kuma haƙƙin marayu ne, saboda haka aka ce a sayar da abin sayarwa. Keken na ciki. Ya'u ya so ya riƙe shi, amma bai da halin biya a lokacin, kuma ya ji kunyar ya roƙi marayu alfarma. Wani malamin firamare daga Gwarzo, Abdulrahman, ya ji labari ya zo. Ya ce yana so, in dai za a haɗa masa shi.

Babu wanda ya iya sai Ya'u. Shi ya kai awo wurin mai walda aka ƙera ƙarfen, shi ya nemo tub a Kano da ƙyar. Ya shimfiɗa tabarma a zaure shi kaɗai, ya janye buhun. Wannan karon bai yi kuskure ko ɗaya ba, hannunsa ya riga ya san komai, kafin la'asar ya gama. Malam Abdulrahman gajere ne. Da ya gwada hawa ƙafarsa ba ta kai feda ba.

"Baba, ko za a ɗan sauke mini sirdin?"

Ya'u ya sa alanki a notin. Uwaisu ne ya matse shi da ƙarfinsa na direba tun kafin ya tafi, sai da Ya'u ya dage kafin notin ya motsa. Ya sauke sirdin, ya ɗaure, ya nuna wa malamin yadda zai rage iska in zai shiga yashi, ya ce masa Allah ya tsare. Ya tsaya a ƙofar gida har keken ya sha kwana. Furera ta ce ranar bai ci abinci ba, kuma ranar ce ta fara jin kukansa.

Bushira ta koma gidan iyayenta a Masanawa da yaran. Gidan ya yi tsit. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci Ya'u yakan ɗaure gyaɗa ko rake a kariya ya nufi can. Tun daga nesa yaran ke gane shi. Sukan taho a guje suna "Baffa! Baffa!", ya ɗora Zinnira a gaba, Halima Sa'adiya a baya, ya zaga da su bayan gari. Wannan ne abin da ya riƙe shi tsawon shekarar.

Bara Bushira ta yi aure. Mijin mutumin kirki ne, ɗan kasuwa a Kano, ya kuma ce zai riƙe yaran ya sa su makaranta. Aka zo neman yardar Ya'u, tunda shi ne uba a yanzu. Zai iya cewa a bar masa su, babu mai hana shi. Ya dubi Bushira da ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi.

"Yaya, in ka ce su zauna, za su zauna."

"A'a. Ba zan raba su da ke ba. Sun rasa ɗaya, ya isa."

Ranar tafiyar ya je ya taya su ɗaura kaya a mota. Halima Sa'adiya ta riƙe rigarsa ta ce yaushe zai zo Kano. Ya ce in Allah ya yarda ba da daɗewa ba. Motar ta tashi, ya yi ta ɗaga hannu har ta ɓace.

A hanyar komawa bai yi sauri ba. Ya kusa fita daga Masanawa wata tsohuwa ta ɗaga masa hannu daga bakin danga, ta ce akuyarta ta kwana tana naƙuda, ɗan ya ƙi fitowa. Ya'u ya sauka, ya jingina keken a jikin dalbejiya, ya naɗe hannun riga.

"Inna, a kawo ruwan ɗumi da sabulu," in ji shi.