Abin da Aka Auna a Cikin Muntari

An haifi Muntari a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure tun kafin ruwan Tiga ya iso, zamanin da rani lokacin hutu ne da gyaran danga. Yana saurayi aka haƙa kanal na ban-ruwa. Shi da mahaifinsa suka shiga ruwa, shinkafa da damina, albasa da rani. Mahaifin ya rasu da kumburarren ciki, ƙanin mahaifin ma haka, aka ce kwana ne ya ƙare.

Da Muntari ya fara ganin jini a fitsarinsa bai damu ba. Duk mai aiki a kanal ya san tsargiya: ka sha ƙwaya, ka koma gona. Da cikinsa ya fara turo riga kuwa, sai abokai suka samu abin tsokana.

"Kai Muntari, shinkafar bana duk a nan ka ɓoye ta?"

"Ku dai ku yi noma, ku rage sa ido," in ji shi, yana dafe da kwiɓi.

Sai da ya kasa sunkuyawa wajen dashe sannan ya tafi asibiti a Kano, shi kaɗai. Aka ɗauki hoton cikinsa. Likitar ta juyo masa fuskar kwamfuta, ta ce a da sai mutum ya zauna yana zana gefen ƙoda a hoto bayan hoto, yanzu manhaja mai ƙirƙirarriyar basira ce ke aunawa kafin shayi ya huce, ita kuma ta duba aikin.

"Baba, ba tsargiya ba ce. Ƙodojinka sun cika da ƙululai masu ruwa, sun ninka girmansu, kuma awon ya nuna ciwon na gudu. Gadonsa ake yi. In kana da 'ya'ya, ka kawo su a duba."

Ɗa ɗaya gare shi, Sabi'u, kuma a lokacin ake nema masa aure. A yankin, kafin a ba da yarinya sai an tura dattijo ya binciki gidan saurayi, gidan da aka ji ciwon gado kuwa ba a kai masa 'ya. Muntari ya dawo bai faɗa wa kowa ba.

Malam Maharazu, kawun yarinyar da ake nema wa Sabi'u, ya same shi a bakin gona.

"Malam Muntari, ka yi haƙuri, ni ɗan aike ne. Babanka da ciki ya tafi, ga ka kai ma. Me likita ya ce?"

Muntari ya nuna kanal da haɓa. "Ruwan nan ne, Malam. Wa ya bari?"

Maharazu ya yi dariya. "Wallahi ni ma kwanan nan na sha ƙwayar."

Aka ɗaura aure. Muntari ya yi niyyar kai Sabi'u asibiti, amma ya san ranar da aka gan su tare a motar Kano, magana ta fita. Ya ce sai an cire albasa. Aka cire, ya ce sai amarya ta sauka lafiya. Kafin ranar suna ƙafafun Muntari sun kumbura, ba ya gane masu shigowa gaishe shi.

An binne shi kusa da mahaifinsa. Sabi'u ya gaji gonar, kuma har yau ba wanda ya auna shi.