Lenny Marchetti da Kundin Watan Yuni

Lenny Marchetti ya shekara sama da talatin yana bin zanen wasu da tawada. A sana'ar littattafan zanen jarumai, wani ne yake rubuta labari, wani ya zana shi da fensir, sannan a miƙo wa irin su Lenny su bi layukan da baƙar tawada, su fito da inuwa da damtse da kaɗawar alkyabba. Sunansa yakan fito ɗan mitsitsi a ƙasan shafin farko, inda ba mai dubawa, kuma hakan bai taɓa damunsa ba. A birnin Buffalo aka haife shi, a unguwar 'yan asalin Italiya. Ubansa ma'aikacin masana'antar ƙarfe ne, uwarsa kuwa ba ta fashin coci ko dusar ƙanƙara ta kai gwiwa.

Yana saurayi ya haɗu da Otis Bell, wani dogon baƙar fata direban bas ɗin cikin gari. Lenny ne ya manta jakar zanensa a kujerar baya, Otis ya biyo adireshin da ke jikinta har ƙofar gida. Kafin ya miƙa masa jakar sai da ya zaro shafi ɗaya ya ɗaga.

"Malam, wannan mutumin naka wuyansa ya fi cinyata kauri. Ta ina tuwo yake wucewa?"

Ba a rufa shekara ba suka kama hayar bene tare. Ɗakin kwana biyu ne a gidan. Ɗaya suke kwana a ciki, ɗayan kuma kullum a gyare yake da takalman Otis a bakin gado, saboda Connie, yayar Lenny, wadda take kawo musu tukunyar taliya duk Lahadi bayan an taso daga coci. Ita dai a bakinta Otis "abokin hayar Leonard" ne, kuma haka ta ci gaba da kiransa har gashin kansu ya yi fari su duka ukun.

Littafin da Lenny ya fi daɗewa a kansa shi ne na wasu jarumai biyu abokan gwagwarmaya: Ginshiƙi, ƙato mai tallabe gini idan zai rushe, da Tartsatsi, siriri mai fitar da haske daga tafin hannu. A shekarun da ƙanjamau yake ɗauke abokansu ɗaya bayan ɗaya, Lenny yakan dawo daga jana'iza ya cire baƙin kwat, ya zauna yana shafa tawada a ƙirjin mutanen da harsashi ba ya huda su. A cikin wannan hali ne wata rana aka aiko masa da shafin da jaruman biyu suke tsaye bayan faɗa, a jigace. Mai fensir ya bar hannun Ginshiƙi a sake. Lenny ya ɗaga hannun ya ɗora shi a ƙeyar Tartsatsi, yadda Otis yake yi masa idan sun dawo daga maƙabarta. Editan wancan lokacin ya bugo waya daga New York.

"Marchetti, mene ne wannan? Yara ne fa suke karantawa, kuma iyayensu na da ido. Ka goge."

Ya shafe hannun da farin fenti, ya mayar da shi inda yake. Ko Otis bai gaya wa ba.

Da kwamfuta ta shigo sana'ar, aiki ya riƙa ja baya har ya zama sai jefi-jefi. Otis ya yi ritaya. Da doka ta ba maza biyu damar aure, suka je kotu wata safiya suka sa hannu, tsofaffin direbobi biyu suka yi musu shaida, suka ci soyayyen kifi suka dawo gida. Connie ba ta ji labari ba. Bayan 'yan shekaru Otis ya fara mantuwa. Da farko mukulli ake samu a firiji, suna dariya. Daga baya ya fara fita da sassafe yana bin tsohuwar hanyar bas ɗinsa da ƙafa, yana tsayawa a kowace tasha.

Ana cikin haka ne wata edita mai suna Kendra ta kira shi. Muryarta ta yarinya ce, tana magana da sauri kamar ana korar ta. Ta ce kamfanin yakan fitar da kundi duk watan Yuni, mai bangon bakan gizo, na gajerun labaran jarumai maza masu son maza da mata masu son mata, kuma masu irin wannan rayuwar ne suke rubutawa su zana. Bana an yanke shawarar a bayyana cewa Ginshiƙi da Tartsatsi masoya ne, abin da masu karatu suka daɗe suna raɗe-raɗinsa. Tana so shi ya rubuta labarin, ya zana, ya bi da tawada, duka da hannunsa.

"Me ya sa ni?" Lenny ya tambaya.

"Haba Mista Marchetti, ai labarin hannun nan da aka sa ka goge har yau ana ba da shi a ofis."

Lenny ya ja kujera ya zauna.

"Wato duk an sani?"

"Kowa ya sani," ta ce, da fara'arta, a zatonta daɗi zai ji.

Bai ji daɗi ba. Ya ajiye wayar. Rabin rayuwarsa ya yi yana tauna magana kafin ya furta a gaban mutanen nan, yana cewa "mu" ya gyara ya ce "ni", ashe suna kallonsa ne kawai. Kundin nan ma ya sha ganinsa a shagon littattafan zane na unguwarsu, bai taɓa saya ba. Yakan ɗauka ya buɗe, ya ga samari suna sumbatar juna a sararin sama cikin launuka masu kashe ido, sai ya rufe ya mayar, shi kansa bai san ko haushi yake ji ko ƙyashi ba.

Washegari Otis ya tashi garau, kamar yadda yakan yi wani lokaci. Lenny ya ba shi labari suna shan kofi.

"To me kake jira, tsoho?" in ji Otis. "Shekara nawa kana bin layin mutane kamar bas? Ja naka mana mu gani."

Lenny ya zauna ya ja nasa. Ya zana jaruman biyu sun tsufa. Hasken Tartsatsi ya dusashe, ba ya ma tuna sunan titinsu. Ginshiƙi yana zaune a kicin yana ba shi miya da cokali, a waje jiniya na kuka, wani gini na neman faɗuwa a wata unguwa, shi kuwa bai tashi ba don miyar ba ta ƙare ba. Bai taɓa yin aikin da ya kai wannan kyau ba, kuma ya san haka.

Kendra ta kira bayan ta gani. Ta ce ta yi kuka a kan teburinta. Sannan ta ce manya sun ƙi. Akwai 'yar tsanar Tartsatsi da za ta shiga kasuwa, ba za a nuna shi yana zubar da miya a gemu ba.

"Kuma ni ma ina da magana," ta ce. "Ina da mata, Mista Marchetti. Na taso duk labarin da aka sa irina a ciki, to kafin shafin ƙarshe an kashe ta ko ta haukace. Wata ɗaya tal muke da shi a shekara. Yaran nan suna so su ga an yi dariya."

"Ni ban kashe kowa ba. Miya yake sha."

"Ka gane abin da nake nufi."

"Ke ma ki gane. Kuna so ku ga ana sumbata a kan rufin bene. Wa zai nuna musu abin da ke zuwa bayan an sauko daga rufin?"

Sun yi makonni suna ja-in-ja. A ƙarshe aka bar masa kicin ɗinsa da miyarsa, amma aka rubuta a saman shafin farko cewa mafarki ne Ginshiƙi yake yi, kuma a shafin ƙarshe dole ya farka ya ga Tartsatsi da ƙuruciyarsa, su tashi sama rana na fitowa. Lenny ya zana musu shafin a yini ɗaya, bai ko sake dubansa ba.

Sai kuma batun bayan littafi, inda ake sa hoton kowane mai zane da 'yan layuka a kansa. Kendra ta rubuta cewa yana zaune a Buffalo tare da mijinsa Otis. Lenny ya so ya ce a cire, ya kasa. Ya san jikokin Connie suna sayen irin waɗannan littattafai, don haka ranar Lahadi, tana juya taliya a kicin, Otis na kallon talabijin a falo, ya gaya mata abin da za a buga.

Ba ta ko juyo ba.

"Leonard, ka ɗauka ni makauniya ce? Tun Mama na da rai na sani. Takalman nan na bakin gado ai ko matsar da su ba kwa yi, ƙura ta zagaye su."

"To me ya sa ba ki taɓa cewa komai ba?"

"Me zan ce? Na ɗauka mun rufa wa juna asiri. Yanzu kuma sai ka buga a littafi da hotonka, matan coci su riƙa kallona." Ta dakata, cokalin na hannunta. "Tsaya. Mijinsa aka rubuta? Aure kuka yi?"

"An kwana biyu."

"Ba ka gayyace ni ba."

"Da za ki zo?"

Idanunta suka ciko. "Da dai ka tambaye ni, ko da ƙi zan yi. Ni na goya ka, shashasha." Ta kashe wuta, ta ɗauki jakarta, ta tsaya a falo ta gyara wa Otis wuyan riga, ta fita. Lahadin da ta biyo baya ba ta zo ba, haka ma ta bayanta.

Da kundin ya fito, mai shagon unguwa ya shirya masa zaman sa hannu. Babu wanda zai bar wa Otis, sai ya tafi da shi ya zaunar a gefensa. Layi ya kai har bakin ƙofa, yawancinsu matasa masu rinannen gashi, suna ta yi masa godiya har ya rasa inda zai sa idonsa. A cikinsu wani dattijo sa'ansa ya iso da kwali, ya dire a kan tebur. Tsofaffin littattafan Ginshiƙi ne, kowanne a ledarsa, ba ko lanƙwasa.

"Tun ina saurayi nake tara su," ya ce. "Kun lalata min shi. Riƙe kayanku."

Lenny ya dubi na saman. Tawadarsa ce, ya tuna har ranar da ya yi bangon. Mutumin ya juya ya fita. Wata mata kuma da ta manyanta ta buɗe shafin kicin ɗin ta ɗora yatsa a kan cokalin, sannan ta karɓi littafinta ta wuce.

Hayaniyar ce ta rikita Otis. Ya miƙe tsaye ya daka tsawa, "A matsa ciki! A bar bakin ƙofa, ba zan ja motar nan a haka ba!" Matasan suka fashe da dariya har da tafi, sun ɗauka wasa ne. Lenny ya ga idanunsa, ya ga wandonsa ya jiƙe. Ya tuɓe kwat ɗinsa ya ɗaura masa a ƙugu, ya ja hannunsa suka fita ta ƙofar baya, rabin layin na nan tsaye da littattafai a hannu.

A watan Yuli littafin Ginshiƙi na wata-wata ya fito kamar yadda aka saba. Jaruman biyu suna ta naushin wani dodo, kowa a nasa gefen shafin, ba a ko ambaci abin da aka bayyana a watan jiya ba. Kafin ƙarshen kaka aka rage ma'aikata a kamfanin, Kendra na ciki. Ta kira ta gaya masa da kanta, ta ce har yanzu tana ganin ita ce da gaskiya a kan shafin ƙarshen. Ya ce mata wataƙila haka ne.

Da sanyi ya kankama, Otis ya fita wata safiya ba riga mai kauri, 'yan sanda suka tsince shi a wata tasha yatsunsa sun sandare. Daga asibiti aka wuce da shi gidan kula da tsofaffi. Connie ta kira ranar Kirsimeti ta tambayi jikinsa, ta ce ta sa sunansa a addu'ar coci, amma ba ta ce za ta zo ba, shi ma bai roƙe ta ba.

Yanzu kullum da hantsi Lenny yakan hau bas ya je, da miyar wake a ɗan kwano. Wata rana Otis ya gane shi, wata rana ya ɗauka sabon ma'aikaci ne. A makon da ya wuce yana goge masa baki, Otis ya kama hannunsa ya ƙura wa zoben ido.

"Ashe kana da aure, malam?"

"Ina da shi."

"Ana dai kula da kai ko?"

"Ba laifi," in ji Lenny. "Sai dai taurin kai."

Otis ya yi dariya har ya ƙware, Lenny ya bubbuga masa baya. Da tarin ya lafa, Otis ya ce a ja labule, hasken ya yi masa yawa.