Ƙullin Yawuri a Ruwan Ingila

Shekara ashirin da ɗoriya muna Greensboro ta Amurka, kuma babu wanda ya taɓa cin tuwo a gidanmu bai ji cewa maigidana Alhaji ɗan ruwa ne ba. Tasi yake tuƙawa tsakanin Elm Street da tashar bas, amma in ya zauna da abokansa bayan sallar Juma'a, sai ka rantse jiya ya sauko daga kwale-kwalen babansa a Yawuri. Ni dai ban taɓa ganinsa cikin ruwan da ya wuce na bahon wanka ba.

Bara muka je Ingila ganin ɗiyarmu da mijinta. Surukin namu mutum ne mai kunya ƙwarai, ko ido ba ya haɗawa da Alhaji. Don ya faranta masa rai, sai ya yi mana hayar jirgin ruwa na yini guda. Da na ji haka na san yau za a auna maganar shekara ashirin, a gaban suruki kuma.

Jirgin na ƙarfe ne, dogo siriri, da ɗan kicin a ciki. Ruwan kuwa hanya ce da aka haƙa, har tudu take hawa. In an zo tudun, akwai wani ɗaki marar rufi mai ƙofa gaba da baya. Jirgi ya shiga a rufe, a murɗa wani ƙarfe ruwa ya cika ɗakin, jirgi ya taso. In saukowa ce, a zubar da ruwan, jirgi ya yi ƙasa. Baturen da ya ba mu jirgin ya faɗa har sau biyu cewa a cikin ɗakin nan a riƙe igiya a hannu, kada a ɗaure. Ni na ji. Alhaji yana can yana ƙwanƙwasa jikin jirgin kamar mai sayen kankana.

Shi ya fara tuƙi. Sau biyu ya kai mu cikin ciyawa, alhali tafiyar ma wata tsohuwa da karenta sun wuce mu a ƙasa. Sai ya miƙa wa ɗiyarmu sandar tuƙin, ya ce ai babban aikin ɗan ruwa igiya ce. Ya sauka bakin gaɓa, ni kuma na koma kan tukunyar dafa-dukata.

Ɗaki uku muka hau da safe. Kowanne sai Alhaji ya naɗe igiya a turke ya ƙulle tam. Da yake hawa muke, igiyar sassautawa take yi, babu abin da ya faru. Surukin ya gani, ya buɗe baki, ya rufe.

"Wannan ƙullin babana ne," in ji Alhaji. "Ko dorinar ruwa ba ta kwance shi."

Bayan azahar muka juyo, yanzu saukowa za mu yi. Alhaji ya ƙulle kamar yadda ya saba. Surukin yana can bakin ƙofa ya riga ya saki ruwa kafin ya waiwayo ya ga turken. Maimakon ya ɗaga murya, bawan Allah sai ya taka har gaban Alhaji ya durƙusa.

"Baba, sannu da ƙoƙari. Da ma na ce, in babu damuwa, ko za a ɗan duba..."

Yana cikin wannan ladabi ruwa ya yi ƙasa, igiya ta miƙe, jirgi ya karkace. Tukunyata ta bi ta gabana ta kife. Na leƙa ta taga raina a ɓace.

"Ɗana, ka rufe ruwan nan, ka gaishe shi daga baya."

Ya ruga ya rufe, ya sake cika ɗakin, jirgi ya daidaita. Ƙullin kuwa ya cije, sai da na miƙa wuƙar albasa aka yanke.

Alhaji ya shigo ya zauna kusa da ni ina kwasar shinkafa. A hankali ya ce, "Hajiya, ina da shekara tara aka kai ni makaranta Kwantagora. Ban taɓa tuƙa jirgi ba. Ƙullin nan kaɗai babana ya samu ya koya min kafin ya rasu." Na so in ce na daɗe da sani, amma tausayinsa ya kama ni, sai na ce ya ɗaga ƙafa in share.

Da yamma muka iso inda za a mayar da jirgi, wurin da ɗauri yake da amfani. Surukin ya ɗauko guntuwar igiyar, ya sake durƙusawa, ya ce Baba ya koya masa ƙullin. Sau huɗu Alhaji ya nuna masa, ko da yake na lura tun a na farko ya iya.

Yanzu a Greensboro labarin ya zama cewa ƙullin Yawuri ya taɓa rataye jirgin ƙarfe a ƙasar Ingila, da mata biyu a ciki. In ya kai nan sai ya waiwayo ya ce, "Ga Hajiya nan, ku tambaye ta." Nakan ce gaskiya ne, ina ciki.