Muryar Kawu Manu a Kufai

Kawu Manu, yayan mahaifiyata, shi kaɗai ya ƙi barin kufan garinmu, can tsakanin Tsafe da Mada. Kowa ya koma bakin titi, shi yana nan cikin rusasshiyar ganuwa da awakinsa biyu da kaburburan sarakuna tara. Babu rubutu a kan ko ɗaya, tudun ƙasa ne kawai da duwatsu. Wane ne kwance a ina, wannan a kansa yake, yadda ubansa ya nuna masa. Kowace kaka sai ya nome ciyawa, ya gyara duwatsu, yana kiran kowane sarki da sunansa yana yi masa addu'a. Bai haihu ba, matarsa kuma ta daɗe da rasuwa. Ga shi da taurin kai, wallahi, ga faɗa.

Ni ya sa wa ido. Ina aiki a masaƙa a Gusau, amma duk wanda zai shigo gari sai ya ba shi saƙo: Mu'azu ya zo a nuna masa kaburburan. Haba! Ni da albashina da kekena, in koma gadin matattu?

Bayan farin 1973 idonsa ya fara dushewa, saƙo ya yi yawa, sai na yi dabara. Wata Lahadi na je da rikodata, na rataya masa a wuya, na danna.

"Kawu, zagaya ka faɗa mata duka. Ba ta mantuwa."

"Kai ba ka tahowa?"

"Ai ta fi ni riƙewa."

Ya daɗe yana dubana, sannan ya juya ya tafi. Ni kuwa na miƙe a gindin kuka, har da barcina. Da ya dawo na karɓi abata ina jin kaina mai wayo, na je gida na jefa kaset a akwati.

Damina biyu bayan nan ya rasu. Sai da wani makiyayi ya ji kukan awaki a ɗaure sannan aka sani. Abin ya tsaya mini a rai, kunya ta hana ni sakat. Da kaka ta yi na ɗauki fartanya da rikoda na tafi, na nome ciyawar tas, tudu tara suka fito. Na tsaya a tsakiyarsu na danna.

Sai ga muryarsa, da jan ƙafarsa a ƙasa.

"Wanga shi na Sarki Gwabro, shi yag gina ganuwa. Allah shi jiƙan shi. Wancan ƙanenai na. Wanga kuma, na bayanai..."

Na juya gabas, na juya yamma. Wanne? Daga ina ya fara? Sunaye tara cif suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, ban san inda zan ajiye ko guda ba. Na zauna a ƙasa.

Da ya gama na tara sai na ji ya ja numfashi. Can ya ce a hankali:

"Mu'azu, ka gani?"