Barkar da Ba a Gayyace Ni Ba

Lokacin da nake aikin allurar rigakafi a Tarauni, na gaji da yin sallama ana ce min babu yara a gidan. Sai na canza dabara. Duk lungun Gyaɗi-Gyaɗi da na hango rumfa da kujerun haya, na san suna ake yi. Sai in sayi sabulu in shiga barka. Ba mai ɓoye jariri ranar sunansa, miƙo min shi ma ake yi.

Wata kaka ta taɓa hararata ta ce, "Hajiya, ke dangin uwa ce ko na uba?"

Na ce, "Inna, ni ta jaririn ce."

Ta ƙaro min nama. Ranar allura, da kanta ta goyo shi zuwa asibiti.